Minti Saba'in da Ɗaya

Shekara shida da komawar mulki hannun farar hula, kafen intanet sun cika Sabon Gari, kowane shago da janaretansa yana hayaƙi. Na Oga Tochukwu yana da kwamfuta goma sha biyu, duk a jingine da babbar na'ura guda, kuma ita ce ta fara jan ƙafa.

Kubura, 'yar Fagge mai gyaran manhaja, aka kira. Ta zo da wata 'yar manhajar bin sawu da ta gyaggyara da hannunta, wadda ke leƙa zuciyar tsarin na'urar, abin da 'yan sana'ar ke ce wa kanel, ta faɗi wanda ke cinye lokaci. Kwana uku rahoton na nuna kwamfuta ɗaya: ta Felicia, mai buga wa ɗalibai takardun rijistar jarrabawa.

Oga bai yi dogon bincike ba. Ya ce ai fina-finai take saukewa a ɓoye, ya sallame ta. Felicia ta rantse har muryarta ta dushe, amma wa zai saurari mutum alhali na'ura ta yi magana?

Na'urar kuwa ta ci gaba da jan ƙafarta.

Kubura ta zauna da rahoton, kunya na cin ta tun kafin ta gano dalili. Kanel ɗin yana rubuta lokaci a gurbi mai ɗaukar ƙwayar lamba, wato bit, sittin da huɗu, ita kuma ta sa manhajarta karantawa a mai talatin da biyu. Kamar juye buhu ne a kwano. Duk minti saba'in da ɗaya ƙidayar sai ta cika ta koma sifili, a ɗora wa wanda ke aiki a daidai lokacin lambar da ba ta da kan gado. Wa ke aiki ko yaushe, ba ta ɗaga kai? Felicia.

Kubura ta gwada manhajar a gida sau ba adadi. Sai dai a layinsu na Fagge wuta ba ta taɓa cika awa guda ba a ɗauke ba, don haka ƙidayar ba ta taɓa kaiwa baki ba.

Ta canza layi ɗaya a rubutun manhajar. Rahoton ya nuna wani tsohon faifan ajiyar bayanai da ya fara lalacewa.

"Oga, laifina ne," in ji ta. "Ka dawo da ita."

"Na riga na ɗauki wata, Malama. Ke dai sa mana sabon faifai."

Da yamma Kubura ta nemi gidan su Felicia, ta tarar da ita tana ɗaure kaya, motar Anacha za ta bi da safe. Kubura ta yi mata bayani tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba.

Felicia ta ja igiyar jakarta ta ƙulle.

"Layi nawa kika ce kin gyara?"

"Ɗaya."

Felicia ta gyaɗa kai, ta ce Kubura ta ɗan matsa, ta taka mata takalmi.