Ƙwan Zabi a Gidan Gaba

Namadi ya ɗora sandar ƙarfe ta huɗu a kan sikelinsa, ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya yana kallo. Sikelin nan da hannunsa ya haɗa shi, da ƙarfen keke da igiya da faranti biyu, ya rataye shi a reshen dogon yaron da ke gaban garejinsa a Gwandu. Farantin dama ya ɗan rinjaya. Ya sauke sandar, ya ɗauki magagari ya shiga gogarta a hankali, kamar mai gyaran farce.

"Taubashi, wai zinari kaka awo ko kwanrod?" in ji Atiku, mai motar, wanda ke kishingiɗe a kan tsohuwar taya yana ɓarar gyaɗa. "Tun hantsi kana abu guda. Ni dai gobe nika son motata."

"Ci gyaɗarka," Namadi ya ce, bai ko ɗago ba. "Sandunan ga huɗu su ka riƙe fistin. In ɗaya ta hi 'yan'uwanta nauyi, ita ka fara cin gindin inji. Da ka san wanga da ba ka kashe shi sau biyu ba."

Atiku ɗan kawun Namadi ne, saboda haka akwai wasa tsakaninsu tun suna yawo ba wando. Direba ne na gaske, sai dai Allah ya jarabce shi da son gudu. Farar akori-kurarsa ke ɗaukar fasinja daga Gwandu zuwa Kalgo, kuma tun shekarar da aka koma tuƙin hannun dama, shekara biyar ke nan, yake takara da wani direba mai suna Sule a kan wa zai riga isa. Bara ya je Sakkwato ya dawo da kafireta ta biyu a cikin buhu, don inji ya ƙara shan fetur ya ƙara gudu, ya matsa wa Namadi sai da ya ɗaura masa, aka kuma rage kan injin. Mota ta tashi kamar an tsikare ta. Amma ƙarfin da aka ƙara a sama ya fi ƙarfin abin da ke ƙasa. Inji ya buga sau ɗaya a kusa da Malisa, Namadi ya gyara. Bayan wata uku ya sake bugawa, da fasinja goma sha biyu da tumaki uku a baya.

Ba wanda ya ce laifin ƙafar Atiku ne. A tasha cewa aka yi hannun Namadi ya mutu. Direbobi biyu har sun fara kai motocinsu Birnin Kebbi, kuma Alhaji Tambari, shugaban direbobin Gwandu, ya faɗa a gaban kowa cewa in injin nan ya buga karo na uku, ko facin taya ba za a ƙara kawo wa Namadi ba. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Shekara goma sha tara yana kwance a ƙarƙashin motocin mutanen nan.

Don haka wannan karon bai bar komai ba. Kuranshaf ɗin, babban ƙarfen da ke juyawa a gindin inji, da kansa ya naɗe shi a tsohon bargo ya rungume har Sakkwato aka wanke masa shi a injin gugar ƙarfe. Ya sayo sababbin metal, 'yan ƙarafan da ke shiga tsakanin sanduna da kuranshaf. Kusoshin da ke ɗaure sandunan ma, waɗanda kowane makanike ke mayar da tsofaffin, ya zubar ya sa sababbi, don ya lura sun miƙe. Hanyoyin baƙin mai ya wanke da kananzir, ya hure su ɗaya bayan ɗaya da famfon keke. Kowane metal sai ya sa takardar sigari a tsakani ya ɗaure, ya juya da hannu, ya ji yadda ta kama, sannan ya yarda.

Ana kiran la'asar suka ɗora inji. Kafin magariba aka tayar. Namadi ya kafa bakin sukudireba a jikin injin, ya sa kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Babu ƙwanƙwasa ko ɗaya. Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla na neman zuwa, sai ya yi kamar hayaƙi ne.

"To, saura abu guda," ya ce. "Mil ɗari biyar na farko, kada allura ta wuce talatin. Sai ƙarfe ya saba da ƙarfe."

Atiku ya daina tauna. "Talatin? Gobe kasuwar Kalgo hwa! Na riga na rantse gaban tasha, ni da Sule tare muka tashi, wanda ar riga shi ya cire hula ya gaida ɗan'uwanai."

"Kai kar rantse, ba injin ba."

"Haba taubashi, ba kai kac ce yanzu gindin ga ko tamanin ba ya jin ta ba?"

"Bayan mil ɗari biyar."

"To, to, na ji," in ji Atiku, yana murmushin da Namadi ya sani tun suna yara. Irinsa ya yi ranar da aka ba shi ajiyar rake.

Da safe an yi yayyafi, garin ya yi sanyi, tasha na ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙosai. Namadi ya zo da akwatin sifanunsa, wai zai bi motar ya ji lafiyarta. A zuciyarsa ya san zamansa a ciki ba zai hana komai ba. Mutumin da kuka yi dambe a kan fura ba ya jin tsawarka. Yana tsaye yana wannan tunani sai ga matan Malisa sun shigo a jere, ƙore a kai, kindirmo da man shanu da ƙwan zabi, don damina ce zabi na ta zubawa. A gabansu wata doguwar dattijuwa ce mai baƙin mayafi, Inna Tasalla, uwar Rahmatu matar Atiku.

Inna Tasalla ba ta taɓa shiga motar surukinta ba. Kunya ba ta bari. Ko a hanya suka haɗu, shi zai cire takalmi ya tsuguna ya dubi ƙasa, ita ta kau da kai ta amsa gaisuwar kamar da bango take magana. Sunansa ma bai taɓa fita daga bakinta ba. Kullum motar Sule take shiga.

Namadi ya ajiye akwati, ya tare ta, ya durƙusa.

"Inna, an tashi lahiya? Ya shanu?"

"Lahiya lau, Namadi. Ya ƙarhuna?"

"Sun gode. Inna, ƙwai nawa ag ga ƙwaryar ga?"

"Ɗari da ashirin. Mi ya faru?"

"Ba komi. Na dai ji tausai ne. Yau Sule tsere shika yi. In kin isa Kalgo da ashirin masu rai, ki gode Allah."

Ta sauke ƙwaryar a hankali. "Tsere da wa?"

Namadi ya sosa ƙeya, ya nuna farar motar da haɓa.

"To ai duk ɗaya ne," in ji ta. "Wancan ma ba hankali gare shi ba."

"In kina ciki yana da shi, Inna."

Ta daɗe tana dubansa. Dattijuwa ce mai saurin gane zance, kuma an ce ta sha yi wa 'yarta faɗa a kan gudun mijinta, ba ta da bakin faɗa masa da kanta. Gefen bakinta ya ɗan motsa.

"Ni ba ni zama kusa da shi."

"Ni ka zama tsakiya. Ko inuwarku ba ta haɗuwa."

Lokacin da Atiku ya dawo daga wurin mai shayi, yana kaɗa makulli a yatsa yana yi wa Sule gwalo, sai ya tarar da bayan motarsa cike da matan Malisa. Ya buɗe ƙofa ya ga Namadi a tsakiya, ya ga wadda ke gefen taga da ƙwaryar ƙwai a cinya. Makullin ya faɗi a cikin taɓo. Nan take ya zube ƙasa, ya cire takalmi.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya," ta ce wa gilashin gaba.

Ya shigo kamar mai shiga masallaci. Ya rage murya ya ce, "Taubashi, Allah ya isa."

"Amin," in ji Namadi. "Ta da mota."

Alhaji Tambari, wanda zai bi motar Sule don ya zama shaida, ya ɗaga hannu ya sauke. Sule ya fizgi mota, ya watsa wa masu ƙosai ruwan taɓo, kafin a ce haka ya sha kwana. Atiku ya sa giya ta ɗaya, ya fita daga tasha kamar mai rakiyar amarya, 'yan tasha na ta ihu suna tafa masa.

Hanyar ja ce, ruwa ya yi mata ramuka nan da can. Gero ya kai ƙugu a gonaki, shanu na kiwo a gefe. Allura ta hau ashirin da biyar, ta hau talatin. Da ta ɗan leƙa talatin da biyu, Inna Tasalla ta yi gyaran murya sau ɗaya, ƙafar Atiku ta janye da kanta. Gumi na bin wuyansa duk da sanyin safiya. Bai kunna rediyo ba, goron da ke aljihunsa ma bai iya ciro shi ba, don ba a tauna a gaban suruka. Wani mai keke ya bi su na ɗan lokaci yana tambayar matan baya ko lafiya.

Namadi kuwa kunnensa na wurin inji. Yana jin yadda yake juyawa sumul, babu rawa, babu kuka, sandunan nan huɗu na aiki kamar mata huɗu a turmi ɗaya. A duk shekarunsa bai taɓa haɗa irinsa ba. Da suka fito wani miƙaƙƙen wuri bayan sun wuce mahaɗar Dangoma, hanya ta shimfiɗe fes ba rami ba jaki, sai sha'awa ta kama shi. Wallahi so yake ya ji muryar injin nan a tamanin. Bai ankara ba ashe ƙafarsa ta dama na danna ƙasan motar da ƙarfi, sai da Atiku ya dube ta, ya dube shi, ya girgiza kai.

Rana ta yi tsaka kafin su shiga Kalgo. Sule ya riga ya ci tuwo ya wanke hannu, yana zaune a kan bonet ɗin motarsa da jama'a kewaye. Atiku ya fito, ya cire hula, ya gaishe shi kamar yadda aka yi alkawari. Dariyar da aka yi har masu awon hatsi sai da suka juyo.

Alhaji Tambari ya zo ya dafa injin, ya ji ɗuminsa daidai, ya zaro sandar mai ya duba, ya gyaɗa kai.

"Bai buga ba, Namadi. Amma wa ya sani, aikinka na ko aikin Inna? A haka ko injin niƙa ya kawo su. Ranar da nig ga motar ga ta yi tamanin ta dawo lahiya, ni da kaina ni ka kawo maka tawa, in sa waɗanda sunka tahi Birni su dawo."

"Alhaji, mil ɗari biyar kawai nika roƙo," in ji Namadi, ransa fari tas. "Sati biyu. Ka shirya hularka."

A can gefe Inna Tasalla ta shimfiɗa mayafi tana fitar da ƙwai ɗaya bayan ɗaya, matan Malisa sun kewaye ta. Ko tsaga babu. Wata mai suna Huseina ta buɗe ƙwaryar kindirmonta ta yi guɗa, don yana nan a kwance yadda ta zuba shi, bai tsinke ba. Shekara da shekaru suna isowa da rabin nono a zane, rabin ƙwai a fashe. Suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, sannan Inna ta yafito Namadi.

"Ka hwaɗa ma mai motar ga," ta ce, alhali mai motar na tsugune taku uku daga inda take, "mun gode. Daga yau mun bar motar Sule. Kalgo, Jega, duk inda kasuwa taka ci, shi ka kai mu. Gidan gaba kuma nawa na, kai ba sai ka wahala ba, ƙwarya na aje tsakani."

Namadi ya fashe da dariya har da riƙe ciki, yana nuna Atiku da yatsa. Yana cikin dariyar ne maganar Alhaji Tambari ta dawo masa, sai dariyar ta fara raguwa da kanta. Ya dubi motar, ya dubi dattijuwar da ke gyara zaman ƙwanta. Ya matsa kusa da taubashinsa ya tsuguna.

"Atiku," ya ce a hankali, "wace rana ce Inna ba ta zuwa kasuwa?"

Atiku ya ciro goronsa a karo na farko tun safe, ya ɓare, ya miƙa masa rabi.

"Na riga ka tambaya, ta bakin Huseina," ya ce. "Wai ranar da ba ta samu zuwa ba, ƙanwarta ka zuwa."