Ramin Safaya

Sale direba ba mai fariya ba ne, sai fa in an zo maganar motarsa. Datsun ce fara, yana jigila da ita daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa, yana kuma lallaɓa ta yadda ya lallaɓa shanun kawunsa Adamu, wanda ya riƙe shi a ruga tun yana ƙarami. Har lambar garken kawun, zane biyu da ƙugiya, ya sa ƙarfe mai zafi ya buga a gefen kowace taya, don kada masu faci su musanya masa. Kullum da safe sai ya duba mai da ruwa, ya ɗaga shimfiɗar but ya danna tayar safaya da babban yatsa, sannan ya yi bismillah ya tayar.

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya, wato rediyon da motar ta zo da shi daga kamfani. Yana cin kaset lafiya lau, amma muryarsa siririya ce kamar sauro a cikin gwangwani. In ya sa kiɗan kalangu sai kalangun ya ɓace, a bar shi da maroƙi. Direbobin tasha kuwa ba sa raga masa. Da ya kunna za su ce, "Sale, ka ba rediyon nan fura ya sha mana."

Ana nan, a bazarar 1994, Surajo mai gyaran rediyo ya kira shi shagonsa da ke bayan tasha. Surajo ya wuce aboki a wurin Sale. Lokacin da aka haife shi uwarsa ta kwanta ciwo, Inna Dije, mahaifiyar Sale, ita ta haɗa su biyun ta shayar. Nono ɗaya suka sha, kuma har gobe in ta dama fura sai ta ajiye ta Surajo.

Surajo ya janyo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin benci, bai fi kwandon goro girma ba.

"Ɗan Kwatano ne," ya ce. "Wufa ake ce masa. Injin ƙara sautinsa a cikinsa yake, ba sai ka taɓa rediyonka ba. Waya ɗaya zuwa batir, ɗaya zuwa bayan rediyo, shi ke nan. Ka bar mini motar zuwa la'asar."

Da la'asar Sale ya dawo, ya buɗe but bai ga komai ba. Shimfiɗa tana nan sumul, sai kusoshi huɗu a kusurwoyinta.

"Ina ka sa shi?"

"A ramin safaya. Kayan fasinja ba za su taɓa shi ba."

"Ita safayar fa?"

"Tana ƙasa, na kifa shi a kanta," Surajo ya ce, yana goge hannu da tsumma. "Kar ka riƙa buɗewa dai, ɗan'uwa, wayoyin ba su da tsawo, za ka tsinka mini aiki."

Sai ya tura kaset. Kalangu ya fito daga ƙarƙashin kujeru, madubi ya hau rawa, mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Sale ya yi ta murmushi har kunne. Ko Inna, wadda kunnenta ya yi nauyi shekaru, da ya ɗauke ta ranar kasuwa sai ta dafa ƙirji ta ce ita a nan take jin kiɗan, Allah ya yi wa Surajo albarka.

Daga ranar Sale ya daina ɗaga shimfiɗa. Mutumin da ko gishiri aka aike shi saye sai ya ɗanɗana, ya yi sati biyar bai danna safaya ba, saboda Surajo ya ce tana nan.

Wata Talata da hantsi wani mai babur ya iso gidansu da saƙo: Kawu Adamu ya rasu da asuba a rugarsa, gaba da Doguwa kaɗan. An yi masa wanka, amma ba za a rufe fuskarsa ba sai ƙanwarsa ta zo ta gan shi. Za su jira ta har azahar. Bayan haka ba za su iya ba, saboda zafi.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafi da carbi ta shiga gidan gaba. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ita da Adamu, kuma rabon da ta gan shi tun kaka.

"Za mu isa?" ta tambaya.

"Da sauran lokaci, Inna," Sale ya ɗaga murya kusa da kunnenta. "Kafin a kira salla muna can."

Gaskiya ya faɗa. Suka wuce Tudun Wada rana ba ta kai tsaka ba. Sun yi nisa cikin dajin Falgore ke nan sai tayar baya ta hagu ta fashe, motar ta yi tangal-tangal, ya samu ya tsayar da ita a gefen kwalta. Bai ko damu ba. Canjin taya a wurinsa aikin minti goma ne. Ya fito da jak, ya kwance kusoshin nan huɗu, ya ɗaga shimfiɗa, ya ciro akwatin a hankali don kada wayoyi su tsinke.

Babu komai a ƙarƙashinsa sai tsohon buhu da aka ninke don kada ya yi ƙara. Ramin ma da ka gan shi ka san ba zai ɗauki akwati da taya tare ba.

Sale ya tsaya da akwatin a hannu, yana kallon ramin kamar tayar za ta tsiro. Ransa ya yi ta kawo wa Surajo uzuri. Wataƙila mantawa ya yi, wataƙila tana jingine a shago. Amma ya tuna yadda ya ce "tana ƙasa" yana kallon tsumman hannunsa.

Shekarar wahalar mai ce, hanya ba motoci. Waɗanda suka biyo kuwa, wa zai tsaya wa mutum a tsakiyar Falgore? Wata babbar mota roka ta wuce da itace, wata bas ta wuce cike maƙil, direban ya ɗaga masa hannu kawai. Sale ya cire hula yana kaɗawa, ya tsaya a tsakiyar titi har sai da wata tanka ta kusa bi ta kansa. Inna tana zaune a gindin wata ɗorawa tana jan carbi. Da inuwar bishiyar ta dawo ƙarƙashinta, ta tashi ta yi taimama ta yi azahar, ta koma kan carbinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Sai wajen la'asar wata Datsun shuɗiya ta taho daga Doguwa ta tsaya. Wada ne, direban layinsu, wan yarinyar da Surajo ke nema da aure. Ya sauko ya durƙusa ya yi wa Inna gaisuwa, sannan ya ja Sale gefe.

"Daga can nake," ya ce a hankali. "Sun jira har aka idar da salla, suka ƙara jira. An kai shi, Sale. Sai haƙuri."

Sale ya sunkuyar da kai, a nan idonsa ya faɗa kan tayar gaba ta motar Wada. Zane biyu da ƙugiya.

"Ina ka samo wannan?"

"Surajo ne ya ba ni, ranar da tawa ta yage. Ya ce kai ka ce ba ka bukatarta, ka yi sabuwa." Wada ya dubi but ɗin da ke buɗe, ya dubi ramin.

Wato don ya yi gwaninta a gidan surukai Surajo ya kyautar da ita. Da sata ɓarawo ya yi wa Sale, da ya ce ƙaddara. Wannan kuwa tambaya ya yi, baki da baki, aka kira shi ɗan'uwa aka yi masa ƙarya.

Inna ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga fuskar Wada ta gane an rufe Adamu. Ta taso a hankali, ta zo za ta dafa motar, sai ita ma ta ga lambar. Ta sunkuya ta bi zanen da yatsa.

"Wannan ai lambar Adamu ce. Me ya kawo ta ƙafar motar wani?"

Sale ya so ya faɗa ƙasa-ƙasa, amma Inna ba ta jin ƙasa-ƙasa. Dole ya kai baki kunnenta ya ɗaga murya, fasinjojin Wada duk suna ji.

"Surajo ne ya cire ta, Inna. Ya ce mini tana nan."

"Wane Surajo?"

"Namu."

Ta daɗe tana kallon baƙin akwatin da ke ajiye a kan kwalta, wayoyinsa biyu suna reto daga but. Sannan ta gyara mayafinta.

"Kar ka yi masa faɗa," ta ce. "In mun koma ka ce ya zo ya yi mini gaisuwa. Tunda ban ga fuskar Adamu ba, ina so in ga tasa."