Farin Garin da ke Ƙarƙashin Kafet

Shekarar da gwamnati ta turo Zailani Maje London ƙaro ilimin likitanci, lokacin da arzikin mai ya sa ana ta kwasar mutane zuwa karatu waje, shi da matarsa Hansai suka kama hayar flat, wani sashe na gidan bene, a hawa na biyu a unguwar Barking. Ginin sabo ne, amma da katako aka tayar da shi. In ka taka da ƙarfi sai ka ji daɓen yana amsawa. Hansai, wadda ta tashi a gidan ƙasa a Gwale, ba ta taɓa sakin jiki da shi ba.

Wata Talata da hantsi tana wanke-wanke, sai ta lura 'yarta Ramatu, mai rarrafe, ta yi shiru da yawa. Ta leƙa falo ta same ta a lungu kusa da bututun ɗumama ɗaki, wanda ya kwana biyu yana ɗiga. Yarinyar ta ɗaga gefen kafet, tana tsintar wani farin abu mai rugurgujewa tana kaiwa baki. Haɓarta duk ta yi fari.

A makon da ya wuce Hansai ta ga wani shiri a talabijin kan asbestos, wata farar ƙura da ake sawa a gini, wadda aka ce tana cinye huhun mutum a hankali. Ta sa yatsa ta ƙwaƙule bakin yarinyar, ta wanke, Ramatu tana tsala ihu. Ta buga waya asibiti, aka ce Zailani yana ɗakin tiyata. Sai ta saɓa 'yar, ko takalmi babu, ta sauka ƙasa ta bubbuga ƙofar Dung, mutumin Jos da ke karatun gine-gine. Matarsa Rhoda nas ce.

"Maman Ramatu, lafiya?" in ji Rhoda.

Hansai ta buɗe tafin hannunta ta nuna garin.

Rhoda ta karɓi yarinyar tana duba mata maƙogwaro, Dung kuwa ya hau sama da sauri, Hansai na binsa. Ya tsuguna, ya janye kafet ɗin, ya karce daɓen da farce. Farcen ya bar zane. Ya ɓalli ɗan gutsure ya jefa a kofin ruwa, ya murza shi ya koma kamar kunu. Ya ɗaga wani zuwa taga yana neman zare-zare irin na asbestos a ciki.

"Malam Dung, don Allah ka faɗa mini, asbestos ɗin nan ne?"

"Siminti na gaske farce ba ya kama shi, kuma toka-toka ne. Wannan ya fi kama da wani kwaɓi marar nauyi da ake zubawa a kan katako saboda ƙara da gobara. Alli ne da yashi. Ruwan nan ne ya ruɓar da shi." Ya kakkaɓe hannunsa. "Amma ba zan rantse miki ba. Ba komai ido ke gani ba. Zan kai shi kwaleji a gwada."

Rhoda ta raka Hansai asibiti a bas. Likita ya ce cikin yarinyar lafiya lau, a ba ta ruwa da yawa. Wannan bai kwantar wa Hansai hankali ba, don shirin talabijin ya ce cutar tana shekaru kafin ta bayyana. Ta kulle falon, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma. Ko sau ɗaya Ramatu ta yi tari, sai Hansai ta ajiye cokali ta ƙura mata ido. Zailani ya yi ta lallashi, amma shi ma ta kama shi yana kara kunne a bayan 'yar.

Sai da mako ya zagayo Dung ya hawo benen yana haki, bai ko cire kwat ba.

"Babu shi, Maman Ramatu. An duba da madubin gwaji. Ko ɗigo."

Hansai ta sulale ta zauna a kan matakala, ta ce alhamdu lillahi, sannan kukan da ta riƙe ya ƙwace mata. Rhoda ta fito da ludayi a hannu, ta ce kowa ya sauko, ta dafa gwate, fatensu na Jos.