Ranar da Aka Tattara Ƙasusuwan Aníbal

Da wa'adin zaman gawa a kabari ya cika, hukumar maƙabarta ta kira Nélida domin a buɗe kabarin mijinta Aníbal, a tattara ƙasusuwansa cikin ƙaramin akwati, kamar yadda aka saba a birnin Montevideo. Dole ne wani na jiki ya tsaya a wurin. Da yake ba su haihu ba, sai ta tafi da Hebert, aminin marigayin tun suna samari.

Su ukun duka sun tashi a gidajen da ba a ambaton Allah. Nélida ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da ilimin halittu, tana gaya wa ɗalibai cewa mutum in ya mutu ya ƙare ke nan. Ba ta taɓa shakkar maganar ba, amma tun rasuwar Aníbal ta zame mata dutse a ƙirji. Takan farka da safe ta rasa dalilin saukowa daga gado.

Ma'aikata suka jawo akwatin gawar daga ramin bangon da aka binne ta a ciki, suka buɗe. Nélida ta ƙame. Hebert kuwa ya matso, ƙoƙon shayin da suke kira mate a hannu, filas ɗin ruwan zafi a hammata, ya leƙa.

"Kai, tsoho, ka rame fa!" in ji shi. "Ashe sai yanzu ka bi maganar likita. To, albishirinka: ƙungiyarka ta ƙwallo ta sake shan kashi ranar Lahadi. Ka huta da baƙin ciki, ɗan banza."

Ya yi ta zuba, yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Nélida tana kallonsa, kishi yana cin ta. Ita ce ta yi jinyar mutumin nan, ita ta rufe masa ido, amma ga shi wani ne ke hira da shi. Ta cika da maganar da take son yi masa, sai dai duk sa'ad da ta buɗe baki, iliminta ya ce mata ƙashi ba ya ji.

"Hebert, yaushe ka yi imani ban sani ba?" ta tambaye shi da zafi.

"Ni? Ina!"

"To da wa kake magana?"

"Da Aníbal mana, Malama."

"Ka san ba ya jin ka."

"Na sani. Da yana raye ma yaushe ya taɓa sauraro na?"

"Wasa kake yi. Ni kuwa tsoro nake ji. In babu shi, babu inda ya tafi, me duk zaman namu ya zama?"

Hebert ya tsotsi mate ɗinsa, ya girgiza kai. "Wannan ya fi ƙarfina. Ni dai na ga abokina, na gaishe shi."

Ma'aikata suka gama jera ƙasusuwan. Babbansu ya ɗauko murfi, ya dube ta yana jiran izini. Ta san in aka rufe, ba za a ƙara buɗewa ba.

Ta ce su dakata. Ta sunkuya, ta kira sunan Aníbal a zuci, amma harshenta ya ƙi motsi. Daga ƙarshe ta kamo hannun rigar Hebert.

"Gaya masa," ta ce a hankali, "har yanzu ban iya kwanciya a ɓangarensa na gado ba."

Hebert ya cire hula, ya sunkuya, ya maimaita kalma bayan kalma, babu wasa a muryarsa. Nélida ta ji maganarta tana fita daga bakin da ba nata ba, cikin sauƙi, kamar ba komai.

Sannan ta ɗaga wa ma'aikacin kai, ya ɗora murfin.