Tsuntsuwa Ta Yi Shiru

"To ke yanzu so kike mazanmu su ajiye sana'a don wata nas ta ce?"

"Ba haka na ce ba, Inna. Jinin yaran kawai za a gwada."

Inna Mai Wanki ba ta ɗago daga kan bahonta ba. A ciki rigunan aikin maza ne, masu tabon ruwan batir, haɗe da kayan yaran gidan, don a gidan hayar nan an saba a tara wanki wuri guda sabulu ya yi auki. Mai Ɗinki, wadda ta zo mata da maganar, ta dubi ruwan nan mai launin toka.

A bayanta tana goye da 'yarta, wadda ake kira Tsuntsuwa saboda surutu. Yanzu bakin ya mutu. Sai ciwon ciki, sai kallon bango.

Ta sha yawon tambaya, daga mai kemis zuwa asibiti, har wata nas ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Dalma ce, wadda mazan gidan ke narkawa daga tsofaffin batir a bayan ɗakuna. Tana cikin ƙasar tsakar gida, tana jikin tufafi, tana hannun yara. Magani zai rage ta a jini, amma muddin yarinya ta koma wasa a ƙasar nan, aikin banza ne. Ma'aikatan lafiya za su zo su kankare ƙasar su duba yara, amma sai in mutanen gidan sun nema baki ɗaya.

Ta bi ɗaki-ɗaki. Matar direba ta ce maza take jira. Wata ta yi dariya ta ce sannu Likita, yaushe aka ba ki farar riga? Wadda ɗanta ke yawan faɗuwa ma ta ce iska ce, ta saki labule. Ba mugunta ba ce, Mai Ɗinki ta sani. In ma'aikata suka shigo, za a rufe wurin narkar, kuma da shi kusan kowace tukunya a gidan ke tafasa.

Da la'asar mijinta ya shigo daga wurin narkar, ya zauna a bakin gado. Hannayen nan da ta fara so tun suna saurayi da budurwa duk sun tsattsage. Ya miƙa su zai ɗauki Tsuntsuwa, sai ya dube su, ya mayar bisa gwiwa. Ya ce ya tuntuɓi abokan aikinsa, sun ce ya tanƙwara matarsa. Idonsa ya cika da hawaye, nata sun riga sun zubo.

"Baban Tsuntsuwa," ta ce a hankali, "ba fushi nake da kai ba, Allah ya sani. Gobe zan tafi da ita wurin Goggona, kuma ba za mu dawo gidan nan ba."