Daɓen da Eudoro Ya Yi wa 'Yarsa

Ƙanena Eudoro mutumin kirki ne, amma ban taɓa ganin wanda ya iya gyaran gangar Auzinawa kamarsa ba. Har yau in na tuna abin da ya yi wa 'yarsa Yolima sai raina ya ɓaci.

A ƙauyenmu, nan kusa da Villa de Leyva, ko ramin shuka ka tona sai ka ci karo da katantanwar dutse. Teku ne ya bar mana su, tun zamanin da tuddan nan suke ƙarƙashin ruwa. Mu dai abin da muka gada shi ne a liƙa su a katanga ko a daɓe tsakar gida da su. Sai Yolima ta tafi jami'a a Bogotá ta dawo tana kallonsu da wani ido.

Ta shekara biyu tana hawa tudun bayan gonar albasarmu da guduma. Ni nake kai mata abinci, don haka na sha bayani har na haddace. Tudun hawa-hawa ne kamar an jibge tabarmi, na ƙasa ya girmi na sama, can tsakiya kuma akwai wani baƙin hawa.

"Goggo, a nan iska ta ƙare a ƙasan tekun," in ji ta. "So nake in gano wa ya mutu, wa ya tsira. In ban san hawan da katantanwa ta fito ba, ba ta da maraba da tsakuwa."

"Ni dai ci wainar masarar nan, arepa, tun da zafinta, kafin ita ma ta zama tsakuwar," na ce.

Duk wadda ta ciro sai ta rubuta mata lambar hawanta da farin fenti, ta zuba a buhu, ta ajiye a ɗakin dankali. A kansu digirinta ya rataya. Tana gamawa aka sayar da tudun, katafila ta baje shi, aka dasa otal. Labarin tekun nan kaf ya koma cikin buhunan.

Ta koma Bogotá neman motar da za ta kwashe su, ni kuma na tafi Tunja jinyar wata ƙawata. Tare muka dawo ana jajiberin Kirsimeti. Muka tarar da Eudoro a ƙofar gida, ya sha sabon bargon ulu, shi da Don Belisario magini, sai washe baki suke yi.

"Yaya, rufe mata ido," in ji shi.

Ni ma da wauta na rufe. Da na ɗauke hannuna sai ga tsakar gida an malale shi da siminti. Tauraro ne ƙato na katantanwa, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, a ƙasa an jera sunanta.

"Baba, ina kuka samo waɗannan?"

"Buhunanki mana. Kin sha wannan wahala, sai a bar su ɓeraye na yi musu fitsari?"

Ta durƙusa tana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ɗigon farin fenti.

"Don Belisario, kifa su kuka yi ko? Lambobin suna ƙasa?"

"Wannan dattin? Haba 'yata, ni ba na aikin ha'inci. Da burushin waya muka goge su tas, don siminti ya kama. Ubanki da kansa ya yi kwanaki yana gurza. Nuna mata hannunka, maigida."

Ya nuna kuwa. Duk yatsun sun tsattsage, kuma alfahari yake yi da su.

Nan na fashe. "Eudoro, wa ya aike ka? Bakinka ciwo yake yi da ba za ka tambaya ba? Tun kana yaro na san albasa ce a wuyanka, ba kai ba."

"Yaya, in na tambaya ai ta daina zama kyauta. Kuma me kike wa faɗa? Ƙirga ki gani, ko ɗaya ba ta ɓata ba."

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, don gaskiyarsa ce. Duk suna nan. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Yolima ta matse min hannu har sai da na ji zafi. Ta miƙe, ta kama tsagaggun hannuwan nan ta sumbace su.

"Ya yi kyau, Baba. Allah ya saka."

Daga baya a kicin ta sa na rantse ba zan taɓa gaya masa ba. Na rantse, ina kuka don haushi.

Digirin bai samu ba. Ta ce masa ita ce ta gaji da karatu, yanzu tana koyarwa a wata firamare a Sogamoso. Takan zo duk Kirsimeti, amma sai ta zagaya ta bayan gida, ta wuce kejin kaji, ta shigo ta ƙofar kicin. Bara Eudoro ya lura. Ya zunguro ni da gwiwar hannu, idonsa cike da ƙwalla.

"Yaya, kin ga ladabin yarinyar nan? Ba ta so ta taka aikin ubanta."