Agogon Labo Ya Tafi Aro

"Ina agogon?" na tambayi Labo, don na tarar da shi yana gyaran gatari, hannunsa wayam.

Ya yi mini dariyar nan tasa mai ban haushi, ya ce ya tafi aro.

Ni da Labo zana ɗaya ta raba gidajenmu tun muna samari. Da zuciyarsa ta fara ba shi wahala, majo, mai duba marasa lafiya a gidan likita na Cadakori, ya ɗaura masa wani baƙin agogo mai layin waya a ciki. Yana auna bugun zuciya da hawan jini, in abu ya ɓaci ya kaɗa wayar majo. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa, kada ya cire.

To, a garinmu wa ke hana aro? Turmi ana ara, jaki ana ara. Mai jiri ya zo, mai ciwon kai ya zo, kowa a ɗaura masa ya ga lamba. Na yi faɗa har na gaji. Labo ya ce shi bai iya kallon idon mutum ya ce a'a ba, wai abin da ya shiga gari ai na gari ne.

Ran nan da na tambaye shi, agogon yana hannun Balkisu, matar maƙwabcinmu Faruku, mai tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura suntum. Ban rufe baki ba sai ga majo a kan moto mai ƙafa biyu, ya yi zufa sharkaf, yana tambayar inda Labo ya faɗi. Ya gan shi zaune garau. Da ya ji bayani bai tsaya faɗa ba, ya faɗa gidan Faruku. Jininta ne ya hau, hawan da kan kashe uwa da ɗa. Nan da nan aka nemo mota zuwa asibitin Gidan Rumji.

Majo ya kama hannunta zai kwance agogon, Labo ya dafa shi.

"Bar mata shi, likita. Su biyu ne, ni ko ni ɗaya."

"Baba, ba ni da wani. In taka zuciyar ta tashi, ba ni sani."

"Allah na sani," in ji Labo.

Wallahi na ji kamar in make shi. Na ce masa taurin kai ba sadaka ba ne. Ya ce in na damu ƙwarai, in riƙa leƙo shi ta kan zana, ni ma ai agogo ne, sai dai surutu ya yi mini yawa.

Na riƙa leƙawa kuwa, safe da yamma. Ran kasuwa na tafi sayar da wake. Da na dawo bayan la'asar na same shi jingine da rumbu, gatarin a cinyarsa, ya riga ya yi sanyi. Ba wayar da ta kaɗa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Muna cikin yi masa wanka aka aiko cewa Balkisu ta sauka lafiya, namiji. Liman ya ce alhamdu lillahi, ya miƙo mini buta. Na ɗaga hannun Labo na hagu. Inda agogon ya zauna fatar ta yi haske, siririn zobe kewaye da wuyan hannu. Na zuba ruwa a wurin, a hankali.